Munduwar Inna

Bana aka kawo mana wata sabuwar malama a makarantar da nake koyarwa a Birnin Kudu, yarinya mai fara'a da yawan tambaya. Ran nan an fita tara, ta same ni a ofis ina duba littattafan yara, ta turo min wayarta har bakin hanci. Hotuna biyu ne a ciki, abin hannu na gwal da na azurfa.

"Malama, don Allah zaɓar min. Na sawa kullum nake so, ba na biki ba. An ce gwal ba ya dafewa, ita kuwa azurfa sai an yi ta guga."

Na ce ta sayi wanda ranta ya fi kwanciya da shi. Ba ta ji daɗin amsar ba, na gani a fuskarta. Sai idonta ya sauka kan hannuna na hagu, inda wata tsohuwar munduwar azurfa take, mai kaurin babban yatsa, da tabon ɗori a gefe guda. Ta yi dariya ta ce, "Ke dai Malama da kayan kakanni." Na ja hijabi na rufe hannun. Ban ji haushinta ba, don ni na taɓa faɗin abin da ya fi wannan muni a kan munduwar nan, kuma a gaban mai ita na faɗa.

Ta Innata ce. Ni ce 'yarta ta fari, kuma duk wanda ya san mutanenmu na wajen Basirka ya san abin da hakan yake nufi. Kakanninmu masu shanu ne. Shanun sun ƙare, Fulatancin ma ya bi su, sai 'yan kalmomin da tsofaffi ke zagin awaki da su, amma kunyar ɗan fari tana nan daram. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ko da kuskure. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ɗakin Goggo, yayar Baba, wadda take zaune a gidanmu, a can nake ci, a can nake kwana. Idan Inna tana da magana da ni, sai ta dubi bango, ko ta dubi autarmu, ta ce, "A gaya wa waccan ta kwashe shanya, hadari ya taso." Ina tsaye a wurin, ina jin komai da kunnena. Ban ɗauke shi ƙiyayya ba, haka na ga ana yi a kowane gida. Amma ƙarya nake idan na ce bai taɓa yi min ciwo ba, musamman in na ji ta tana jera wa auta sunayen shagwaɓa har uku a numfashi ɗaya.

Sai dai ina da wani abu da ƙannena ba su da shi. Munduwar nan uwar Inna ce ta sa mata ranar da za a kai ta ɗaki, maƙeri ya matse bakinta a kan hannun, tun daga ranar ba ta fita. Da ita take daka, da ita take surfe, da ita take wanke-wanke, idan za ta yi alwala sai ta juya ta ruwa ya ratsa ƙarƙashi. In ta yi baƙi, ɗan toka da lemun tsami, ta koma fes. To idan Inna tana nemana, sai ta buga munduwar sau biyu a jikin duk abin da yake kusa da ita, turmi ne, kwano ne, ko ƙyauren langa-langa. Ƙwan, ƙwan. Ba wanda ya zaunar da mu ya tsara mana wannan. Bugu ɗaya kuskuren aiki ne, bugu da yawa kaji ake kora, bugu biyu nawa ne. Ina jin sa daga bayan gida, ina jin sa daga gidan maƙwabta muna tsakiyar wasan 'yar tsana. Sai in ce "Na'am," in zo da gudu. Ba za ta dube ni ba. Za ta turo min kwanon ƙanzo da gefen hannu, ko ƙullin soyayyar gyaɗa, ko ta nuna tulu da baki in gane ruwa ya ƙare. Goggo takan ce, "Ke da uwarki munafunci kuke wa al'ada, kuna tsammani ba mu ji."

Ranar da zan tafi makarantar horon malamai, kowa ya rako ni ƙofar gida ban da ita. Mai mashin ya ɗaure akwatina, na hau, ya tayar. A cikin ƙarar injin nan na ji shi daga can cikin ɗaki, sau biyu a jikin ƙyaure. Na ce "Na'am" da ƙarfi, har mai mashin ya waiwayo yana tsammani da shi nake. Na yi kuka har Gwaram, kuma kukan daɗi ne.

Sau ɗaya tak munduwar ta taɓa barin hannunta kafin ni in sa baki, lokacin da Baba ya rasu ta shiga takaba. Mai takaba ba ta ado, don haka aka kira wani dattijo maƙerin fari, wato mai aikin azurfa, daga kasuwar Basirka. Ya naɗe hannun da tsumma, ya sa awartaki ya buɗe bakin a hankali. Wata huɗu da kwana goma ban ji kira ba, na ɗauka baƙin ciki ne ya rufe mata baki. Da ta fita takaba ya dawo ya mayar, yana matsewa yana cewa, "Azurfar nan ta tsufa. An buɗe ta sau ɗaya ta haƙura, in aka sake, ba ruwana." Ina tsaye a kansa ya faɗa, ba labari aka ba ni ba.

Shekaru suka tafi. Na yi aure a Birnin Kudu, na kama aiki, na zama Malama mai jaka da takalmi. Ranar sunan ɗana na uku Inna ta zo, abin da ba ta cika yi ba, ta samu lungu ta zauna tana taya masu tuwo. Gidan ya cika da dangin maigidana, matan gari, kowacce wuya da hannu sai walƙiya. Ina cikin ɗaki da jariri a cinya, yayar maigidana ta shigo, mace mai baki kamar reza, ta dafa kafaɗata tana murmushi ta ce, "Malama, ke da albashinki, kin bar tsohuwa da ankwa a hannu? Ai sai a ɗauka daga gidan yari ta gudo." Matan da ke ɗakin suka kwashe da dariya. Ni ma na yi, don ban san me zan yi da fuskata ba. Amma maganar ta shige ni, ta samu wuri ta zauna.

Ina da zuciya, kowa ya sani, kuma zuciyar tawa ba ta iya komawa kan wanda ya taɓa ni, sai ta nemi wanda ba zai rama ba. Da na ɗauki adashe ban yi shawara da kowa ba, na hau mota zuwa Kano, na shiga wajen masu gwal na zaɓi sarƙar hannu siririya mai ɗan maɓalli. Mai shagon ya yi ta yabonta, wai ba ta dafewa, ba ta nauyi, mutum zai manta ma tana hannunsa. Duk gaskiya ya faɗa. A hanyar dawowa na yi ta gaya wa kaina don ƙaunar Inna na yi, tsohuwa ta sha wahala a kanmu, ta cancanci ta sa gwal kafin ta bar duniya. Wannan rabin gaskiyar ke nan. Ɗaya rabin, so nake yayar maigidana ta gani ta haɗiye maganarta.

Da kaka na je gida, an yanke riɗi an jingina, gari duk ƙanshin sabon gero. Bayan an gaisa na fito da 'yar batta na ajiye a gaban Inna. Ta buɗe, ta zuba sarƙar a tafin hannu, ta daɗe tana kallonta. Sannan ta dubi auta, wadda ita ma a lokacin ta yi aure ta zo ganin gida, ta ce, "Ki ce mata Allah ya yi albarka. Ki ce a ajiye wa 'yarta. Ni wannan ta ishe ni." Ta shafa munduwar.

Goggo ta ce, "To ai hannu biyu Allah ya ba ta. Ta sa gwal a dama, ta bar abarta a hagu, shi ke nan an raba gardama."

Da na karɓi wannan shawara, da yau ba ni da labarin bayarwa. Amma ni ba gwal ɗin ne ya dame ni ba, munduwar ce nake so ta ɓace. Sai na yi abin da ban taɓa yi ba, na dubi fuskar Inna kai tsaye na ce, "Inna, ankwar nan ta isa haka. Kunya kike ba ni a cikin mutane."

Goggo ta ce, "Ke! Bakinki." Auta ta sunkuyar da kai. Inna ba ta dube ni ba, ta juya wajen bango kamar yadda ta saba, ta ce, "To."

Na san ma'anar wannan "to" ɗin sarai. Uwar da ke kunyar 'yarta ba za ta tsaya tana ja-in-ja da ita ba, ko da abin zai kashe ta. Al'adar da ta hana ta kiran sunana ita ce ta hana ta ce min a'a, kuma na sani, da sanina na yi. Abin da na daɗe ina jin ciwonsa shi na ɗauka na doke ta da shi. Wannan ne abin da har yau in na tuna nake jin kunyar kaina.

Ranar kasuwa na ɗauki mashin biyu muka tafi Basirka. Maƙerin yana nan a rumfarsa, ya ƙara tsufa, gemu ya yi fari fat. Da na gaya masa abin da ya kawo mu, sai ya juya ya dubi Inna.

"Inna, da yardarki?"

Ta ce, "Yarinya ta ce a cire."

Ya ce da ni, "Malama, kina wurin na yi magana shekarun baya."

Na ce, "Na ji, Baba. A cire dai."

Ya naɗa tsumma, ya yi bisimilla, ya kama da awartaki. Bakin ya fara buɗewa kaɗan-kaɗan, har na fara cewa a raina tsoron tsofaffi ne kawai. Sai na ji ɗas, ba wata ƙara mai yawa ba. Munduwar ta rabe biyu, ɓari ɗaya ya faɗa cikin toka, ɗaya ya rage a bakin awartaki. Inda ta zauna shekara da shekaru fatar ta yi fari, ta yi laushi, kamar ba hannun da ya yi noma ba. Maƙerin ya ce a bar masa zai ɗora, in ya so ko ba za a sa ba a ajiye ta cikakkiya. Na ce ba sai an wahalar da shi ba. Inna ta sunkuya da kanta ta tsince ɓarin daga toka, ta karɓi ɗayan, ta hure su, ta ƙulle a haɓar zaninta. Ni kuma na kama hannunta na ɗaura mata gwal. Rabona da riƙe hannun Inna tun ban yi wayo ba, kuma abin takaici, farin ciki nake yi a lokacin.

Shekara biyu tana sanye da shi, kullum, don ni na sa mata. Bai dace da rayuwarta ba ko kaɗan. In za ta yi daka sai ta naɗe shi da tsumma kada ya tsinke. Yana kama zaren zani, yana kama kara in tana hura wuta. Ta daina zuwa kasuwa ita kaɗai, wai kada a ga tsohuwa da gwal a biyo ta. Matar da a da take wanke hannu ta yarfe ta wuce, ta koma mai lalube a wuyan hannu kowane lokaci ta ji ko yana nan. Yayar maigidana ta gan shi a wani biki ta ce, "Yawwa, yanzu kika yi abin kai." Daɗin da na ji bai kai na shan ruwan sanyi ba, ya wuce.

Kuma tun daga ranar Inna ba ta sake kirana ba. In na je gida sai dai ta aiko jika, "Wai ki zo." Na lura, ba wai ban lura ba. Sai na ce wa kaina ai na girma, Malama guda mai 'ya'ya uku ba a kiranta da ƙwanƙwasa kwano. Ban taɓa zama na haɗa abu biyun nan wuri ɗaya ba, ni da nake koya wa yara haɗa ɗaya da ɗaya.

Farkon damina ta uku ta faɗi a bakin murhu. Hawan jini ne, aka ce, ya shanye mata ɓarin dama ya tafi da harshe. Aka kawo ta asibiti nan Birnin Kudu, suka yi iya ƙoƙarinsu, bayan sati biyu aka sallame mu. Goggo ta riga ta rasu, auta tana gidan mijinta a Maruta da tsohon ciki, don haka gidana aka kawo ta. Na gyara mata ƙaramin ɗaki, na sa mata gadon ƙarfe a jikin taga mai kallon tsakar gida. Ni nake mata wanka, ni nake juya ta, ni nake ba ta kunu da cokali. Matar da ba ta taɓa yarda mu haɗa ido ba, ga ta a hannuna kamar jaririya, in ina goge mata jiki sai ta rufe ido ruf. Na san kunyar da take ji ta fi ciwon.

Hannun hagu ne kawai yake motsi, shi ma yatsun ba ƙarfi. Na riƙa ganin tana ɗaga shi tana kai wuyan hannun jikin ƙarfen gado, ta sauke, ta sake. In na shigo na tarar tana yi, sai ta tsaya, ta ɗaga min hannun. Ni kuma, da wayona da karatuna, sai in ce, "Yana nan, Inna, ba wanda zai taɓa miki gwal ɗinki." In gyara mata maɓallin, in mayar da hannun ƙarƙashin mayafi. Na ɗauka rawar ciwo ce, ko tsoron ɓarayin nan nata. Sati uku muna haka.

Auta ce ta lallaɓo da cikinta ta zo dubiya. Ta zauna a bakin gado ba ta fi rabin awa ba, ta fito ta same ni a kicin, idonta jajir.

"Yaya, ke ba ki ga abin da take yi ba?"

"Hannun? Likita ya ce ciwon yana sa haka."

"Ki je ki ƙirga. Biyu take yi ta tsaya. Biyu, ta tsaya. Ba gwal take nuna miki ba, kiranki take yi."

Na ajiye ludayin na je na tsaya a bakin ƙofa inda ba ta ganina. Hannun ya tashi, ya sauka a jikin ƙarfe, ya sake, ya tsaya. Babu ƙara ko kaɗan, siririyar sarƙa da fata ne kawai suke taɓa ƙarfe. Na ce, "Na'am, Inna." Ta juyo da ido, ta dube ni sosai, irin kallon da ba ta taɓa yi min ba, hawaye ya gangaro ta gefen da yake da rai. Ban san me take so a ranar ba, ruwa ne, juyi ne, ko so take kawai ta ga zan zo. Na durƙusa a wurin na yi kuka har auta ta ɗaga ni.

Na kawo mata cokali da kofin silba na ce ta riƙa bugawa. Yatsun suka kasa riƙewa, cokalin ya yi ta zamewa cikin shimfiɗa, daga baya ma in na miƙa sai ta kau da kai. Auta ta koma gida ta bincika kayan Inna, ta samu ɓarin biyu a ƙasan kwalla, a ƙulle cikin ƙyalle. Mijinta ya kai wa maƙerin. Tsohon ya ce idonsa ya yi rauni amma zai yi, a ba shi kwanaki. Da ya gama ya aiko min da saƙo: aiki ya yi, sai dai ba mai matse ta a hannun mara lafiya sai shi, in zo ranar kasuwa in ɗauko shi a mota, don ƙashinsa ba ya ɗaukar mashin yanzu.

Ranar kasuwar ta faɗo a makon jarrabawa. Takardun yara sun taru a gabana, an kwana ana ruwa, aka ce hanya ta yi laka. Na ce bari sai kasuwa ta sama, kwana bakwai ne kawai, kuma ai yanzu na gane, ina leƙa ta a kai a kai. Na shiga na gaya mata, "Inna, an ɗora munduwarki, sati mai zuwa za a kawo." Ta lumshe ido ta buɗe. Ban sani ba ko wani "to" ɗin ne.

Ranar Asabar bayan azahar na ba ta kunu, ta sha fiye da kullum, har na ji daɗi. Na goge mata baki, na jingina ta da matashi, na kwashi zannuwanta na fita wanki. A ƙarƙashin tagarta na ajiye bahon, taku biyar bai kai ba tsakanina da gadon. Yara suna Islamiyya, maigidan ya fita. Ba wuta, ba rediyo, gidan shiru har ina jin kurciya a kan katanga da injin niƙa can ƙasan layi. Na wanke, na ɗauraye, na shanya. Har na tsaya na miƙe baya na dubi sama ina lissafin ko shanyar za ta bushe kafin ruwa ya sauko. Ni da nake jin bugun nan daga gidan maƙwabta, a cikin hayaniyar yara, a cikin ƙarar mashin, ranar ban ji komai ba.

Da na shiga ta zame daga kan matashin, kanta ya karkace, kunun ya dawo mata. Hannun hagu yana rataye a kan ƙarfen gado. Wuyan hannun ya kumbura, fatar ta sale inda maɓalli yake, sarƙar ta tsinke tana ƙasa kusa da takalmina. Na ɗaga ta, na jijjiga, na kira ta, na fita da gudu ba mayafi na kira maƙwabta. Wata dattijuwa ta shigo ta taɓa ta, ta yi salati, ta ja mayafi ta rufe mata fuska. Ban san sau nawa ta buga ba. Na dai san bibbiyu ta yi, don ba ta taɓa kirana da wani adadi ba.

Kafin magariba an kai ta. Masu gaisuwa suka yi ta cewa kwana ne ya ƙare, in yi haƙuri, na yi jinya Allah ya ba ni lada. Yayar maigidana tana gaya wa mata irin kulawar da na yi wa tsohuwa, "har gwal ta sa mata." Na yarda kwana ne ya ƙare, ban taɓa ja da wannan ba, da munduwa da babu, ranar ce ranarta. Abin da ya tsaya min a rai daban ne. Uwata ta kira ni a ƙarshen numfashinta da sunan da ita kaɗai ta sa min, ina bayan taga, ban amsa ba, kuma ni na cire mata abin kiran da hannuna saboda dariyar wasu mata.

A ƙauye muka yi sadakar uku. Da hantsi aka ce ana sallama da ni a zaure. Maƙerin ne, an riƙo shi, ya jingina da sanda. Ya yi min gaisuwa, ya yi wa Inna addu'a, sannan ya zaro wani ƙullin takarda daga aljihu ya miƙo. Ya goge ta har tana ɗaukar ido, ɗorin ya fito kamar tabon ƙuna. Bai ce min ai na gaya miki ba, da ya faɗa ma da na fi samun sauƙi. Na tambaye shi ko ya zo da awartaki. Ya ce maƙeri ba ya fita ba shi. Na miƙa masa hannuna na hagu.

Ya ce, "Malama, ki yi tunani. Wannan karon in ta shiga, sai dai a yanke."

Na ce, "Matse, Baba."

Gwal ɗin ya shiga cikin kayan gado, ban tambayi wanda ya faɗa wa ba. Munduwar kuwa ba wanda ya yi min maganarta, ƙannena suka ce in riƙe. Tana da nauyi, tana dafewa, duk sati sai na nemi toka da lemun tsami, a gidan da muke girki da gas. Tana buga allo in ina rubutu, tana buga tebur, tana buga bakin tukunya. Yawanci sau ɗaya ne, ba na ko kulawa. Amma wani lokaci hannu yakan kuskure ta bugu sau biyu a jere, kuma bakina ba ya jiran izinina. Da farko 'yan ajina dariya suke yi, yanzu sun saba.

Ranar da yarinyar nan ta nuna min hotuna, da ta ga ba za ta samu shawara a wurina ba, sai ta ɗauki wayarta ta nufi ƙofa. Na miƙa hannu zan ɗauko jan biro, munduwar ta taɓa gefen teburin, ta sake taɓawa. Na ce, "Na'am."

Ta juyo. "Malama, magana kika yi?"

Na ce, "Je ki abinki, ba da ke nake ba."